Ma'ana da Amfanin Aikatau na Ingilishi 'Acknowledge' da Matsalar Mayar da Shi Hausa

1.0 Gabatarwa

Daga cikin kalmomin Ingilishi da masu fassara da malaman makaranta ke cin karo da su kullum, akwai waɗansu da ake yi wa kallon masu sauƙi, alhali kuwa a kansu ne aka fi yin tuntuɓe. Ɗaya daga cikinsu ita ce kalmar aikatau ɗin nan 'acknowledge'. Ana samun ta a wasiƙun ofis, da takardun shari'a, da yarjejeniyoyin ƙasa da ƙasa, da labaran rediyo, har ma da shafukan farko na kundin digiri. Abin da aka saba yi shi ne a mayar da ita Hausa da 'amince' ko 'yarda' a duk inda ta fito. Ƙamusoshin Ingilishi da Hausa, tun daga na Neil Skinner na 1965 har zuwa na Roxana Ma Newman na 1990, aikinsu shi ne jera kalmomin da za su iya zama madadi. Zaɓen wadda ta dace da muhalli kuwa, wannan ya rage ga mai fassara.

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa jigon ma'anar 'acknowledge' shi ne mutum ya fito da abin da ya sani fili a gaban wani. Yarda tana iya biyo bayan wannan, tana kuma iya ƙin biyowa. Za a duba asalin kalmar, da rassan ma'anarta, da yadda take shiga jimla, da bambancinta da maƙwabtanta, sa'an nan a kawo wurare biyu da sakaci da ita ya zama abu mai tsada.

2.0 Asalin Kalmar

Yawancin kalmomin Ingilishi na wannan fage aro ne daga Latin ta hanyar Faransanci. 'Accept' da 'admit' da 'confess' da 'recognize' duk haka suke. Ita kuwa 'acknowledge' 'yar gida ce. Ta bayyana a rubuce wajen ƙarshen ƙarni na 15, kuma masana tarihin harshe suna ganin haɗuwa ce ta tsofaffin aikatau guda biyu. Na farko shi ne 'aknowen', wanda ya samo asali daga 'oncnawan' na Tsohon Ingilishi, mai ma'anar ganewa. Na biyu shi ne 'knowlechen', mai ma'anar amsa abu da baki. Saiwar duka biyun ita ce wadda ta haifi 'know', watau sani. Harafin 'c' da ake gani bayan 'a' daga baya ya shigo, saboda kwaikwayon kalmomin Latin masu farawa da 'ac-', irin su 'accuse' da 'account'.

Akwai abubuwa biyu da malami zai so ya nuna wa ɗalibansa a nan. Na farko ya shafi furuci. A zamanin da, Turawan Ingila suna furta 'k' a farkon kalmomi irin su 'know' da 'knee', sai a wajen ƙarni na 17 sautin ya faɗi a wannan muhalli, rubutu kuwa bai sauya ba. Amma a cikin 'acknowledge' sautin ya tsira, domin ya zo a ƙarshen gaɓar farko, yana jingine da wasali. Na biyu ya shafi ƙa'idar rubutu. Sunan da aka tsirar daga aikatau ɗin yana da siga biyu: a Ingila an fi rubuta 'acknowledgement', a Amurka kuwa 'acknowledgment', ba tare da 'e' na tsakiya ba. Duka biyun daidai ne, sai dai ba a gwama su a rubutu ɗaya.

3.0 Jigon Ma'ana da Rassanta

Sani abu ne da ke cikin zuciya. Mutum yana iya sanin abu shekara da shekaru bai taɓa faɗa wa kowa ba. 'Acknowledge' kuwa aiki ne da ake yi a fili, da baki ko da alƙalami ko da ishara, kuma lalle sai da wani wanda ake yi dominsa. Masanin falsafar nan na Amurka, Stanley Cavell, ya yi dogon bayani a kan wannan bambanci a wata maƙala da ta fito a littafinsa na 1969. Abin da ya nuna, a taƙaice, shi ne kalmar tana neman mai sani ya aikata wani abu ko ya bayyana wani abu bisa ga sanin nasa. Daga wannan jigo ne rassa biyar suka tsiro.

3.1 Amsa gaskiyar wani abu

Wannan shi ne reshen da ya fi yawa a jaridu, kuma galibi abin da ake amsawa ba mai daɗi ba ne ga mai amsawar.

1. The minister acknowledged that the money was missing.
Ministan ya amsa cewa lalle kuɗin sun ɓace.

3.2 Amsa matsayi ko iko ko dangantaka

2. The villages acknowledged him as their chief.
Ƙauyukan sun yi masa mubaya'a a matsayin sarkinsu.

3. He acknowledged the boy as his son.
Ya amsa cewa yaron ɗansa ne.

3.3 Sanar da isowar saƙo

4. We acknowledge receipt of your application.
Muna sanar da kai cewa takardarka ta neman aiki ta iso gare mu.

Marubutan wasiƙa na Hausa sun daɗe da nasu salon na wannan aiki, inda bayan gaisuwa sai a ce an sami takarda, an kuma ji abin da ke cikinta. Idan aka fassara misali na 4 da 'mun amince da takardarka', mai neman aikin zai tafi gida da murna yana zaton an ɗauke shi, alhali ba a ma zauna a kan batunsa ba. Wannan reshe ne masu ilimin kwamfuta suka ara: a tsarin haruffa na ASCII akwai alama ta musamman mai suna ACK, lamba ta 6, wadda na'ura ke aika wa 'yar'uwarta don ta shaida mata cewa saƙo ya iso. Na'urar ba ta ce komai ba game da abin da saƙon ya ƙunsa.

3.4 Nuna an ga mutum

5. She walked past without acknowledging me.
Ta wuce ni kamar ba ta gan ni ba.

Ɗaga hannu, ko gyaɗa kai, ko murmushi, ko amsa sallama, kowanne ya wadatar a nan.

3.5 Godiya da ambaton taimako

6. The author acknowledges the help of his teachers.
Marubucin yana miƙa godiya ga malamansa saboda taimakon da suka yi masa.

Shafin da ake kira 'Acknowledgements' a kundin digiri shi ne ɗaliban Hausa ke sa wa kan 'Godiya', kuma wannan fassara ta zauna daram, domin Hausawa sun ce yaba kyauta tukuici. Ƙarƙashin wannan reshe ne kuma ake sa ambaton madogara: wanda ya ɗauko ra'ayin wani masani bai ambace shi ba, an ce bai yi 'acknowledge' ba, kuma a jami'a wannan satar fasaha ce.

4.0 Kalmar a Cikin Jimla

'Acknowledge' aikatau ne so-karɓau; ba ya tsayawa shi kaɗai sai a maganar soja ko ta masu sadarwa, inda akan ba da umarni a ce a amsa. Yana karɓar suna kai tsaye, kamar a misali na 4 da na 6. Yana karɓar ganga mai farawa da 'that', kamar a misali na 1. Yana karɓar suna tare da 'as' ko 'to be', kamar a misali na 2 da na 3. Haka nan yana karɓar aikatau mai ɗafa-ƙeyar '-ing':

7. He acknowledged taking the book.
Ya amsa cewa shi ya ɗauki littafin.

Kuskuren da ɗalibai suka fi yi shi ne cusa 'to' a cikin irin wannan jimla, suna kwaikwayon 'admit to' da 'confess to'. Waɗancan biyun suna karɓar wannan harafi kafin sunan laifin, amma 'acknowledge' ba ya karɓa. Idan 'to' ya biyo shi, to wanda aka faɗa wa maganar yake nunawa.

Wani abin lura kuma ya shafi wanda ke ba da labari. A wata maƙala da ta yi fice a 1970, Paul Kiparsky da Carol Kiparsky sun ja hankalin masana nahawu ga rukunin aikatau waɗanda, idan mai magana ya yi amfani da su, ya riga ya ɗauki abin da ke biye a matsayin gaskiya. 'Acknowledge' yana da kusanci ƙwarai da wannan rukuni. Ɗan jaridar da ya rubuta misali na 1 ya nuna cewa shi kansa yana ganin kuɗin sun ɓace, ministan dai ya zo ne ya tarar da gaskiyar da ke nan tun da farko. Da ɗan jaridar yana shakka, da sai ya zaɓi 'claim'. Da kuma yana son ya tsaya tsakiya, da sai ya zaɓi 'say'.

5.0 Kalmar da Maƙwabtanta

'Admit' tana ɗauke da nauyin ƙin so: mai yin ta an matsa masa ne, ko hujja ta fi ƙarfinsa. 'Confess' ta fi wannan nauyi, domin laifi ko zunubi take nufi, kuma gidanta kotu ne ko majami'a. 'Accept' tana nuna karɓa da zuciya, da ɗaukar abin da zai biyo baya. 'Recognize' tana da fuska biyu: akwai gane abin da aka taɓa sani, wanda ke iya faruwa cikin zuciya ba tare da furuci ba, akwai kuma ba wa abu halasci a hukumance, kamar yadda ƙasa kan yi wa sabuwar gwamnati ta wata ƙasa. 'Acknowledge' tana tsakiyar waɗannan duka. Ta fi 'admit' sauƙin hali, tun da mutum na iya yin ta don ganin damarsa. Ba ta kai 'accept' zurfi ba, tun da mutum na iya amsa cewa an kawo ƙorafi ba tare da ya karɓi ƙorafin ba. Wannan zama na tsakiya shi ya sa lauyoyi da jami'an diflomasiyya suke ƙaunarta.

Duk da haka, kada a ɗauka kalma ce marar nauyi. A Afirka ta Kudu, hukumar binciken gaskiya da sasantawa da aka kafa da dokar 1995, wadda ta fara zama a 1996 ƙarƙashin shugabancin Desmond Tutu, ta saurari iyalai da yawa waɗanda sun daɗe da sanin abin da aka yi wa 'yan'uwansu a zamanin wariyar launin fata. Abin da ya rage musu shi ne hukuma da waɗanda suka aikata su faɗa a bainar jama'a. A rubuce-rubucen da aka yi kan wannan hukuma, 'knowledge' da 'acknowledgement' su ne kalmomin da ake auna wannan tazara da su.

6.0 Wurare Biyu da Kalmar ke da Tsada

6.1 Bashi a dokar Ingila

A ƙarƙashin dokar ƙayyade wa'adin shigar da ƙara ta 1980, wadda ke aiki a Ingila da Wales, mai bin bashi na yarjejeniya ta yau da kullum yana da shekara 6 ya kai ƙara. Idan suka wuce, kotu ba za ta saurare shi ba. Amma sashe na 29 da na 30 na dokar sun tanadi cewa idan wanda ake bi ya yi 'acknowledge' na bashin a rubuce, ya kuma sa hannu, kafin wa'adin ya cika, to lissafin shekarun sai ya koma farko daga ranar. Ba a bukatar ya yi alkawarin biya. Amsa cewa bashin yana nan ya isa. Saboda haka gajeriyar wasiƙa ta neman a yi haƙuri tana iya ƙara wa bashi shekara 6 na rai. Magana zarar bunu ce, in ji Hausawa, balle wadda aka rubuta. Irin wannan amsawa tana da 'yar'uwa a fiƙihun Musulunci, watau 'iƙrari', inda mutum ke tabbatar da haƙƙin wani a kansa da bakinsa, kuma alƙalan ƙasar Hausa sun san ta tun kafin zuwan Turawa.

6.2 Amurka da Sin da batun Taiwan

A yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Faris, babban birnin Faransa, ranar 3 ga Satumba 1783, wadda ta kawo ƙarshen yaƙin neman 'yancin Amurka, sashe na farko ya yi amfani da 'acknowledges' inda Sarkin Ingila ya amsa cewa jihohin nan 13 'yantattu ne masu cin gashin kansu. Sigar jimlar irin ta misali na 2 ce, watau suna tare da 'to be', kuma babu wanda ya yi shakkar cewa cikakkiyar amincewa ake nufi.

Bayan shekara 189, kalmar ta sake fitowa a wani muhalli dabam. A ƙarshen watan Fabrairu na 1972, lokacin ziyarar Shugaba Richard Nixon a ƙasar Sin, ƙasashen biyu suka fitar da sanarwar haɗin gwiwa a birnin Shangai. A cikinta Amurka ta yi 'acknowledge' cewa Sinawan da ke ɓangarori biyu na mashigin ruwan Taiwan suna riƙe da ra'ayin cewa Sin ɗaya ce, kuma Taiwan yanki ne nata. Mai karatu zai lura cewa karɓau a nan ra'ayin waɗansu mutane ne. Abin da Amurka ta amsa shi ne akwai masu wannan ra'ayi. A matanin Sinanci an yi amfani da 'renshi dao', wadda ke nufin fahimta ko sanin da zaman abu.

A sanarwar ƙulla hulɗar jakadanci, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 1979 a zamanin Shugaba Jimmy Carter, matanin Ingilishi ya yi amfani da aikatau biyu. Amurka ta yi 'recognize' na gwamnatin Jamhuriyar Jama'ar Sin a matsayin halastacciyar gwamnati tilo ta ƙasar, sa'an nan ta yi 'acknowledge' na matsayin da Sin ta ɗauka game da Taiwan. Amma matanin Sinanci ya sa kalma ɗaya a gurbin duka biyun, watau 'chengren', wadda ke ɗauke da ma'anar amincewa. Tun daga lokacin kowane ɓangare yake karanta sanarwar da harshensa: hukumomin Sin suna cewa Amurka ta amince, jami'an Amurka kuwa suna cewa matanin Ingilishi suke riƙe da shi. Sauran ƙasashe ma sun auna kalmominsu da ma'auni mai kyau a kan wannan batu. Kanada a 1970 ta ce ta lura da matsayin Sin, Japan kuma a 1972 ta ce ta fahimce shi tana kuma girmama shi.

Mai fassara labarai zuwa Hausa da ya rubuta cewa Amurka 'ta amince Taiwan yankin Sin ce' ya bi sahun matanin Sinanci ke nan, ya shiga gardamar ya ɗauki ɓangare ba da saninsa ba. Fassarar da ta fi kusa da Ingilishin ita ce: Amurka ta ce tana sane da matsayin Sin.

7.0 Zaɓen Kalmar Hausa

Kalmomin Hausa da ke wannan fage kowace da inda ta dosa. 'Yarda', wadda aka aro daga Larabci, tana nuna gamsuwar zuciya. 'Amince' tana da dangantaka da amana da aminci, kuma a Hausar hukuma ta zama kalmar sa hannu da ba da izini, kamar yadda akan ce majalisa ta amince da kasafin kuɗi. Saboda haka duka biyun sun fi kusa da 'accept' da 'approve' da 'recognize'. Kalmar da ta fi kowace kusa da jigon 'acknowledge' ita ce 'amsa', domin ita ma aiki ce ta fili da ake yi wa wani: ana amsa kira, ana amsa sallama, ana amsa laifi, ana amsa suna.

'Iƙirari' kuwa tana bukatar taka-tsantsan na musamman. A bakin malamai da alƙalai tana nan da ma'anarta ta asali, watau amsa haƙƙi ko laifi a kan kai. Amma a Hausar rediyo da jarida ta daɗe da zama madadin 'claim', har idan aka ce wani 'ya yi iƙirarin cewa' abu kaza ya faru, mai sauraro yakan ji alamar shakka. Wanda ya fassara misali na 1 da 'ministan ya yi iƙirarin cewa kuɗin sun ɓace' ya juya maganar: ya mayar da gaskiyar da aka amsa ta koma da'awar da ba a tabbatar ba.

Akwai tambayoyi biyu da za su taimaki mai fassara. Ta farko: mene ne kishiyar aikin a wannan muhalli? Idan kishiyarsa musu ne, sai a ce 'ya amsa cewa'. Idan tawaye ne ko ƙin bi, sai a ce 'ya amince da shi' ko 'ya yi mubaya'a'. Idan yin biris ne ko kunnen uwar shegu, sai a ce 'ya nuna ya gani' ko 'ya sanar da isowar saƙo'. Idan butulci ne, sai a ce 'ya gode' ko 'ya yaba'. Tambaya ta biyu: mene ne karɓau? Idan abin da kansa ne, kamar bashi ko ɗa ko 'yancin ƙasa, to kalmar tana da cikakken nauyinta. Idan kuwa ra'ayi ne, ko ƙorafi, ko takarda, ko matsayin wani, to wanzuwar abin kawai aka amsa, kuma 'yana sane da' ta fi dacewa.

8.0 Kammalawa

An ga cewa 'acknowledge' ta tsiro ne daga saiwar sani, kuma dukan rassanta biyar suna komawa ga fitar da sani fili a gaban wani. An ga kuma cewa nauyinta yana sauyawa gwargwadon karɓau: a 1783 ta ba da 'yancin ƙasa, a 1972 da 1979 kuwa ta ba wa Amurka hanyar ambaton ra'ayin Sin ba tare da ta ɗauke shi ba. Hausa ba ta da kalma ɗaya da za ta rufe wannan fili duka, kuma wannan ba naƙasu ba ne, tun da tana da 'amsa' da 'amince' da 'sane da' da 'gode', kowace da aikinta. Abin da ya kamaci malaman fassara a kwalejoji da jami'o'i shi ne su koyar da kalmar a cikin jimla, tare da kishiyarta da karɓanta, su kuma saba wa ɗalibai da tambayar abin da mai maganar ya ɗora wa kansa kafin su sa 'amince' a takarda.